Majalisa da Ƙofarta: Yadda Jama'ar Birtaniya Suka Karɓi Ƙuri'un Ficewa Daga Tarayyar Turai, 2016 zuwa 2020

Gabatarwa

Da maraicen ranar Talata 15 ga watan Janairu, 2019, Majalisar Wakilan Birtaniya ta kaɗa ƙuri'a a kan yarjejeniyar da Firaminista Theresa May ta ƙulla da Tarayyar Turai game da sharuɗɗan ficewar ƙasarta daga ƙungiyar. Wakilai 432 suka ce ba su yarda ba, 202 suka ce sun yarda. Tazarar ƙuri'a 230 ke nan, kayen da babu wata gwamnatin Birtaniya da ta taɓa shan irinsa a zauren majalisa a tarihin zamani. Wanda ke biye masa shi ne na gwamnatin Ramsay MacDonald a 1924, da tazarar 166. Cikin waɗanda suka juya wa May baya har da ƴan jam'iyyarta ta Conservative su 118. A waje kuwa, a dandalin da ke gaban majalisar a Westminster, mutane sun yi cincirindo cikin sanyin hunturu suna kallon zaman a manyan allunan majigi. Da aka karanto sakamako sai wuri ya kaure da sowa. Masu riƙe da shuɗiyar tutar Tarayyar Turai suka yi murna, domin a ganinsu faɗuwar yarjejeniyar ta buɗe hanyar sake ƙuri'ar raba gardama, wataƙila ma a fasa fitar baki ɗaya. Masu son ficewa da suka ja tunga a gefe guda su ma ransu ya yi fari, domin a nasu lissafin faɗuwarta na nufin a fita ranar 29 ga Maris ba tare da wani sharaɗi ba.

Abu ne mawuyaci ƙuri'a ɗaya ta faranta ran abokan gaba biyu a lokaci guda, kuma a fili yake cewa ɗayansu murnar banza yake yi. Wanda ba a ji muryarsa ba a daren shi ne mai goyon bayan yarjejeniyar kanta, ko wata makamanciyarta. Wannan muƙala ta bi diddigin yadda jama'ar Birtaniya suka riƙa karɓar ƙuri'un majalisarsu a titi da jaridu da takardun koke da akwatin zaɓe, domin a ga yadda aka yi matsakaicin ra'ayi ya rasa mai ɗaga masa tuta, da abin da hakan ya jawo wa majalisar da kuma ɓangaren da ya fi kowa yawan masu zanga-zanga.

Iko biyu a ƙasa ɗaya

Birtaniya ba ta da kundin tsarin mulki guda a rubuce. Ginshiƙin tsarinta shi ne cewa majalisa ce ke da iko na ƙarshe: ita ke yin doka, ita ke warware ta. Tare da wannan akwai daɗaɗɗiyar fahimta game da aikin wakili, wadda ake dangantawa da jawabin Edmund Burke ga masu zaɓensa na Bristol a 1774, cewa wakili ba ɗan aike ba ne. Bashin da mazaɓarsa ke bin sa shi ne ya yi aiki da hankalinsa ko da ya saɓa wa ra'ayinsu. Da wannan tsari ƙasar ta shiga ƙungiyar kasuwar Turai. Ranar 28 ga Oktoba, 1971, majalisa ta amince da shiga da ƙuri'a 356 a kan 244, kuma gwamnatin Edward Heath ta sami wannan rinjaye ne da taimakon ƴan adawa 69 na jam'iyyar Labour da suka bijire wa umarnin jam'iyyarsu. Aka shiga ranar 1 ga Janairu, 1973. Ƙuri'ar raba gardamar da aka yi a 1975 tabbatar da abin da majalisa ta riga ta yanke kawai ta yi, da kashi 67 cikin ɗari, saboda haka ba a sami karo ba.

Ta 23 ga Yuni, 2016 ce ta zo da karon. Mutum 17,410,742 suka zaɓi a fita, 16,141,241 suka zaɓi a zauna, wato kashi 51.9 da kashi 48.1. Ingila da Wales suka ce a fita. Sikotilan, da kashi 62, da Ailan ta Arewa, da kusan kashi 56, suka ce a zauna, haka ma birnin Landan. Wakilan majalisa kuwa kusan kashi uku cikin huɗu nasu zama suka goyi baya, alhali ƙiyasin masanin siyasa Chris Hanretty ya nuna cewa kimanin mazaɓu 400 daga cikin 650 fita suka zaɓa. Ga shi kuma takardar ƙuri'ar tambaya ɗaya tak ta yi, a zauna ko a fita. Ba ta ce uffan ba game da kasuwar bai ɗaya, ko harajin kwastan, ko makomar iyakar da ke tsakanin Ailan ta Arewa da Jamhuriyar Ailan. Jama'a sun ba da umarni, amma fassara shi ta faɗa a wuyan mutanen da mafi yawansu ba su so shi ba tun farko, kuma jama'a sun san da haka. Duk wani jinkiri daga majalisa, ko da na gaskiya ne, dole ya yi kama da maƙarƙashiya.

Mako ɗaya kafin ƙuri'ar an yi wani abu da inuwarsa ta rufe duk muhawarar da ta biyo baya. Ranar 16 ga Yuni wani mai tsattsauran ra'ayin wariyar launin fata ya harbi Jo Cox, ƴar majalisa ta Labour mai goyon bayan zama a Tarayyar, ya kuma daddaɓa mata wuƙa har lahira a garin Birstall da ke mazaɓarta. Daga ranar, wakilin da aka aiko wa saƙon barazana ba shi da dalilin ɗaukarsa wasa.

Shafin farko na jaridu

Martani mai zafi na farko bai jira majalisa ta kaɗa ƙuri'a ba, a kan ko tana da ikon kaɗawar ma ya tashi. Gwamnatin May ta so ta aika wa Brussels sanarwar ficewa, kamar yadda Sashe na 50 na yarjejeniyar Tarayyar ya tanada, ba tare da izinin majalisa ba. Wata ƴar kasuwa, Gina Miller, ta kai ƙara, Babbar Kotu kuma ta ba ta gaskiya ranar 3 ga Nuwamba, 2016. Washegari jaridar Daily Mail ta buga hotunan alƙalan uku a shafinta na farko, ta yi musu laƙabi da maƙiyan al'umma. Abin da alƙalan suka faɗa bai wuce cewa majalisa ce mai iko ba, ikon da masu son fita suka daɗe suna cewa shi suke son ƙwatowa daga Brussels. Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin a Janairun 2017, alƙalai 8 a kan 3. Ita kuwa Miller ta sha barazana iri-iri, har wani mai sarautar gado ya sha ɗaurin mako 12 saboda ya yi tayin kuɗi a Facebook ga duk wanda zai take ta da mota.

Da aka zo ga ƙuri'ar, majalisa ta bi umarnin jama'a. Ranar 1 ga Fabrairu, 2017, wakilai 498 suka amince a aika sanarwar, 114 suka ƙi, kuma tsohon ministan kuɗi Kenneth Clarke ne kaɗai ɗan Conservative da ya ƙi. Aka aika ranar 29 ga Maris, wa'adin shekara biyu ya fara aiki. Idan aka auna da abin da ya biyo baya, wannan na cikin ƙuri'u mafi nauyi a duk dambarwar, domin majalisa ta sa wa kanta ranar tashi tun ba ta san masauƙi ba. Amma ta wuce ba tare da wani gagarumin hayaniya ba.

May ta kira zaɓe a watan Yunin 2017 don ta ƙara yawan kujerunta, sai reshe ya juye da mujiya: ta rasa rinjayen da take da shi, ta koma dogara da wakilai 10 na jam'iyyar DUP ta Ailan ta Arewa. Daga nan kowane wakili ɗaya ya zama abin lissafi, jaridu kuma suka gane haka. A watan Nuwamba Daily Telegraph ta jera hotunan ƴan Conservative 15 a shafin farko ta kira su ƴan bore. Ranar 13 ga Disamba, goma sha ɗaya daga ƴan jam'iyyar suka haɗa kai da ƴan adawa aka kayar da gwamnati da ƙuri'a 309 a kan 305, a kan gyaran da Dominic Grieve ya gabatar cewa sai majalisa ta amince kafin a zartar da kowace yarjejeniya. Da dama daga cikinsu sun bayyana cewa an aiko musu da barazanar kisa. Wannan gyara mai tazarar ƙuri'a huɗu shi ne ya share hanyar ƙuri'un 2019.

Yarjejeniyar da May ta kawo a Nuwamban 2018 shafi 585 ce, amma sashe ɗaya ya cinye muhawarar. Iyakar Ailan, mai tsawon kusan kilomita 500, babu shinge a kanta tun bayan da sulhun 1998 ya kawo ƙarshen shekaru kusan talatin na zubar da jini, kuma babu mai son shingen ya dawo. Sai aka yi tanadin ko-ta-kwana: idan ba a sami wata mafita ba, Birtaniya duka za ta ci gaba da zama a yankin kwastan ɗaya da Tarayyar, Ailan ta Arewa kuma ta bi wasu ƙa'idojin kasuwar bai ɗaya, kuma Birtaniya ba za ta iya janyewa ita kaɗai ba. Masu zafin son fita suka ce tarko ne. DUP ta ce ana neman raba yankinta da sauran ƙasa. Masu son zama suka ce bin doka ba tare da kujerar yin ta ba ya fi zaman da ake ciki muni. Labour kuwa zaɓe take so. Da May ta ga alamar kaye sai ta ɗage ƙuri'ar ranar 10 ga Disamba, kuma a daren ne wani wakilin Labour, Lloyd Russell-Moyle, ya sungumi sandar majalisa ya nufi ƙofa kafin a karɓe ta.

A waje, filin da gidajen talabijin ke kafa kyamarorinsu ya zama dandalin kansa. Akwai Steve Bray, mutumin Port Talbot a Wales, wanda tun 2017 yake tsayawa a ƙofar majalisa sanye da shuɗiyar malafa yana ƙwala ihun a dakatar da ficewa. Akwai kuma wani gungun masu son fita da suka ari riguna masu ruwan ɗorawa irin na masu zanga-zangar Faransa. Ranar 7 ga Janairu, 2019, ana hira kai tsaye da ƴar majalisa Anna Soubry a BBC, suka riƙa kiran ta ƴar Nazi, daga baya suka bi ta har bakin ƙofa. Wakilai fiye da 50 suka rubuta wa shugabar ƴan sandan Landan takardar ƙorafi. A ranakun da ba na gangami ba waɗannan mutane ƴan kaɗan ne ƙwarai, amma da yake a bayan kowane mai ba da rahoto suke tsaye, su ƙasar ta riƙa gani kowane dare a matsayin jama'a.

Watan Maris

Babu watan da ya kai Maris na 2019 cunkoson al'amura. Ranar 12 majalisa ta sake watsi da yarjejeniyar, 391 a kan 242. Washegari ta ce ba ta yarda a fita ba tare da yarjejeniya ba, wanshekare kuma ta nemi a ƙara wa'adi. Ranar 18 Kakakin Majalisa John Bercow ya tono wata ƙa'ida ta shekarar 1604, ya ce ba za a sake kawo ƙudiri ɗaya ba tare da canji na gaske ba. Ranar 20 da dare May ta yi wa ƙasa jawabi ta talabijin, ta ce jama'a sun gaji da ja-in-jar ƴan majalisa, ta kuma ce ita tana tare da jama'a. Wannan jawabi kuskure ne babba. Shugabar gwamnatin da ikonta daga majalisa ya fito ta tsaya ta nuna wa fusatattun mutane majalisar da yatsa, a daidai lokacin da take neman ƙuri'un mutanen da ta zarga. Wakilai daga kowane ɓangare suka ce ta jefa su cikin haɗari, Mataimakin Kakaki Lindsay Hoyle kuma ya shawarce su da su riƙa komawa gida a tasi, kada su yi tafiya su kaɗai.

Masu son zama suka amsa da lamba. A shafin intanet na majalisa akwai wurin shigar da takardar koke: sa hannu 10,000 na wajabta wa gwamnati ta amsa, 100,000 kuma na sa a duba yiwuwar muhawara. Wata takarda mai neman a janye sanarwar ficewa, wadda ta yi makonni tana tafiyar hawainiya, ta tashi kamar wutar daji bayan jawabin May har shafin ya riƙa tsayawa saboda cunkoso. Daga ƙarshe ta haura sa hannu miliyan 6, mafi yawa a tarihin shafin, alhali kishiyarta mai neman a fita ba tare da yarjejeniya ba ta tsaya a kimanin 600,000. Ranar Asabar 23 ga wata aka yi gagarumin tattaki a Landan na neman sabuwar ƙuri'ar raba gardama. Masu shirya shi suka ce mutum miliyan ɗaya ne, masu ƙididdigar taro suka ce tsakanin 300,000 ne da 400,000. Ko da an ɗauki ƙaramar lambar, yana cikin manyan tarukan da birnin ya gani a wannan ƙarni.

Masu son fita nasu tattakin daban ne. Ranar 16 ga Maris wani ɗan ƙaramin ayari ya tashi daga Sunderland a arewa maso gabashin Ingila cikin ruwa da iska, Nigel Farage ya raka su a ranar farko, suka nufi Landan a ƙafa. Abokan hamayya suka yi ta yi musu dariya saboda ƙarancinsu. Suka iso ranar 29 ga Maris, ranar da aka yi alkawarin fita, suka tarar da dubban magoya baya a dandalin majalisa, majalisar kuma tana watsi da yarjejeniyar karo na uku, 344 a kan 286. A wannan karon Boris Johnson da Jacob Rees-Mogg, waɗanda suka daɗe suna sukar ta, sun kaɗa mata ƙuri'a don tsoron kada fitar ta kuɓuce gaba ɗaya, amma wasu ƴan jam'iyyar su 34 suka ƙi sauka.

Dariyar da aka yi wa ayarin Sunderland ta ɓoye wani abu. Taswirar masu sa hannu a takardar miliyan 6 ta nuna cewa sun fi yawa a mazaɓu irin su Bristol ta Yamma da Brighton da Cambridge da arewacin Landan, wuraren da dama zama suka zaɓa a 2016. Takardar ta nuna zafin ran waɗanda aka kayar, ba ta nuna cewa waɗanda suka yi nasara sun canza ra'ayi ba. Mutumin Stoke ko Mansfield da ya zaɓi fita bai ga dalilin hawa jirgin ƙasa zuwa Landan ba, domin a wurinsa ya riga ya yi magana a akwati, saura a cika masa. Shirunsa aka ɗauka a matsayin sanyin gwiwa, kuma wannan gurguwar fahimta ta shiga zauren majalisa.

An ga haka a ƙuri'un auna ra'ayi. Wakilai suka ƙwace jadawalin zama daga hannun gwamnati, ranar 27 ga Maris suka gwada zaɓi takwas, babu wanda ya sami rinjaye. Ranar 1 ga Afrilu suka gwada huɗu. Shawarar Kenneth Clarke, cewa a fita amma a zauna cikin haɗin gwiwar kwastan, ta faɗi da ƙuri'a 273 a kan 276. Ƙuri'a uku kacal. Wakilan jam'iyyar SNP ta Sikotilan sun ƙaurace mata, sabon rukunin nan na waɗanda suka ɓalle daga Labour da Conservative a watan Fabrairu kuma suka ƙi ta, domin ba fita mai sauƙi suke nema ba, fasa fitar suke nema, kuma taron da suka gani a titi ya sa sun yi imani za su samu. Ƙuri'ar ta gwaji ce, ba ta ɗaure gwamnati ba, amma da ta wuce da majalisa ta ce ga abin da take so. Nick Boles, ɗan Conservative da tasa shawarar ta sasantawa ta faɗi a daren, ya miƙe ya ce jam'iyyarsa ta ƙi sulhu, ya fice daga cikinta nan take. Laifin dai ba na jam'iyyarsa kaɗai ba ne.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa majalisar ba zaman banza ta yi ba. Ta kasa haɗa rinjaye ne domin ƙasar ma ba ta da rinjaye a kan kowace hanya guda, wato hoton ƙasar ta nuna daidai. Sai dai jama'a ba su gode mata ba. Binciken da ƙungiyar Hansard Society ta wallafa a Afrilun 2019 ya sami kashi 54 na waɗanda aka tambaya suna cewa ƙasar na buƙatar shugaba mai ƙarfi da ba ya shakkar karya ƙa'ida, kashi 42 kuma suna ganin da matsaloli sun fi saurin warwaruwa in da gwamnati ba ta damu da ƙuri'un majalisa ba. A ƙasar da ke alfahari da tsufan majalisarta, waɗannan lambobi ba ƙanana ba ne.

Ƙarin wa'adin da aka samu zuwa 31 ga Oktoba ya tilasta wa Birtaniya shiga zaɓen Majalisar Turai ranar 23 ga Mayu, jama'a kuwa suka mai da shi bulala. Sabuwar jam'iyyar Farage, wadda aka ƙaddamar makonni shida kafin zaɓen, ta zo ta ɗaya da kujera 29. Liberal Democrat, mai neman a fasa fita, ta sami 16, Labour 10, jam'iyyar kare muhalli 7, Conservative mai mulki kuma ta zo ta biyar da kujera 4 da ƙuri'u kimanin kashi 9. Jam'iyyu biyun da suka yi ƙoƙarin tsayawa a tsakiya su suka fi shan duka. Washegarin zaɓen May ta sanar da murabus.

Majalisa a kan jama'a

Boris Johnson, wanda ya gaje ta ranar 24 ga Yuli, ya karanci wannan darasi da kyau. Maimakon ya lallashi majalisa sai ya mai da ita abokiyar karawa. Ranar 28 ga Agusta ya sanar da jingine zamanta na tsawon mako biyar. Aka yi zanga-zanga a birane da dama ana kiran abin juyin mulki, wata takardar koke kuma ta tara sa hannu fiye da miliyan ɗaya da rabi. Kafin a rufe zauren, wakilai suka yi dokar da ta tilasta masa neman ƙarin wa'adi idan babu yarjejeniya, shi kuma ya kori ƴan jam'iyyarsa 21 da suka mara mata baya daga sahun wakilanta, ciki har da Clarke da Philip Hammond da Nicholas Soames, jikan Winston Churchill. Ranar 24 ga Satumba alƙalan Kotun Ƙoli su 11, baki ɗaya, suka yanke cewa jingine zaman ya saɓa wa doka.

Zaman da aka yi washegari na cikin mafi muni da aka gani. Babban lauyan gwamnati Geoffrey Cox ya kira majalisar matacciya. Johnson ya dinga kiran dokar ƙarin wa'adi dokar miƙa wuya. Wata ƴar Labour, Paula Sherriff, ta roƙe shi ya sassauta harshe, ta ambaci Jo Cox, ta ce masu aiko musu da barazanar kisa kalmominsa suke maimaitawa. Ya amsa da cewa shirme ne. Kafin zaɓen da ya biyo baya wasu wakilai mata, irin su Heidi Allen da Nicky Morgan, sun ce ba za su sake tsayawa ba, suka ambaci cin zarafin da suke sha a cikin dalilansu.

Johnson ya dawo daga Brussels da sabuwar yarjejeniya wadda ta cire tanadin ko-ta-kwana ta maye gurbinsa da binciken kaya tsakanin Ailan ta Arewa da sauran Birtaniya, wato abin da DUP ta fi tsoro. Majalisa ta zauna ranar Asabar 19 ga Oktoba, karo na farko a irin wannan rana tun yaƙin Falkland na 1982, ta jinkirta amincewa da ƙuri'a 322 a kan 306. Dubun dubatar masu neman sabuwar ƙuri'a da suka cika dandali suka sake ɓarkewa da sowa, har sai da ƴan sanda suka raka wasu ministoci ta cikin taron. Wannan ita ce murnarsu ta ƙarshe. Kwana uku bayan haka ƙudirin dokar ficewa ya tsallake karatu na biyu da 329 a kan 299, amma aka ƙi jadawalin gaggawar da gwamnati ta nema. Johnson ya dakatar da shi ya nemi zaɓe, ƴan adawa kuma suka ba shi.

Akwatin zaɓe

Taken Johnson a zaɓen 12 ga Disamba bai wuce a yi ta ta ƙare ba, kuma ya dace da zuciyar mutane masu yawa, har da wasu da suka zaɓi zama amma suka gaji. Farage ya janye ƴan takararsa daga mazaɓu 317 da Conservative ta ci a 2017, ƙuri'un masu son fita suka taru wuri ɗaya, na masu son zama kuwa suka rarrabu tsakanin jam'iyyu huɗu ko biyar. Conservative ta sami kujera 365 da rinjayen 80, da kashi 43.6 na ƙuri'u. Labour ta yi faɗuwar da ba ta yi irinta ba tun 1935. Mazaɓun tsofaffin garuruwan haƙar kwal da suka yi shekaru aru-aru a hannunta suka suɓuce: Blyth Valley, da Sedgefield ta Tony Blair, da Bolsover inda Dennis Skinner ya yi shekara 49 yana wakilci. Grieve da Soubry da duk waɗanda suka bar manyan jam'iyyun biyu suka tsaya a ƙarƙashin wata tuta sun faɗi, shugabar Liberal Democrat Jo Swinson ma ta rasa kujerarta da ƙuri'a 149. Jam'iyyun da suka yi alkawarin sabuwar ƙuri'ar raba gardama ko fasa fita sun tara kaɗan fiye da rabin ƙuri'un ƙasa in an haɗa, amma tsarin zaɓen Birtaniya kujera yake ƙirgawa. A Sikotilan labarin daban ne, SNP ta ci 48 daga cikin kujeru 59, ta kuma ɗauki hakan a matsayin hujjar neman sabuwar ƙuri'ar ƴancin kai.

Sabuwar majalisa ta amince da ƙudirin dokar ficewa a karatu na biyu ranar 20 ga Disamba da ƙuri'a 358 a kan 234. Majalisun Sikotilan da Wales da Ailan ta Arewa duka suka ƙi ba da yardarsu a watan Janairu, karo na farko da ukun suka haɗu a kan haka, Westminster kuma ta wuce abinta. Ranar 29 ga Janairu, 2020, Majalisar Turai ta amince da 621 a kan 49, wakilai da dama suka riƙe hannun juna suna rera wata tsohuwar waƙar ban-kwana ta mutanen Sikotilan. Da ƙarfe 11 na daren 31 ga wata aka fita. Babban agogon majalisa, Big Ben, ana cikin gyaransa, kuɗin da magoya baya suka tara don a buga shi ba su yi amfani ba, sai sautinsa da aka naɗa aka saka. A Edinburgh da wasu garuruwan Sikotilan mutane sun taru da kyandir.

Fitar da aka samu daga ƙarshe ta fi wadda May ta kawo tsanani, ta kuma yi nisa ƙwarai da shawarar da ta faɗi da ƙuri'a uku: babu kasuwar bai ɗaya, babu haɗin gwiwar kwastan. Yarjejeniyar cinikin da ta tabbatar da haka, mai shafi fiye da 1,200, ta zo gaban majalisa ranar 30 ga Disamba, 2020, Landan na cikin kullen annobar korona. A yini ɗaya aka gama da ita. Sabon shugaban Labour, Keir Starmer, wanda ya kasance cikin manyan masu neman sabuwar ƙuri'ar raba gardama, ya umarci wakilansa su amince, aka tashi 521 a kan 73. A cikin 73 ɗin akwai SNP da Liberal Democrat, akwai kuma DUP, wadda ta taimaka wajen kayar da yarjejeniyar May sau uku, ta wayi gari da shingen kwastan a tashoshin jiragen ruwan Belfast da Larne.